Idan Gini Ya Rufta, Binciken Na Wane Fanni Ne?

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a sashen injiniyancin gine-gine. Na kai wa malamin da ke duba aikina batun da nake son yin bincike a kai, wato dalilan ruftawar gine-gine a ƙasar nan, da wanda ya kamata alhaki ya hau kansa, da kuma yadda ake koyar da mu a jami'a. Ya mayar mini da takardar, ya ce wannan ba injiniyanci ba ne, wai na kwaso shari'a da falsafa da ilimin koyarwa na zuba a tukunya ɗaya, in je in auna ƙarfin bulo kamar yadda kowa ke yi. Shin ana iya yin bincike na ilimi wanda ya ratsa waɗannan fannoni huɗu, ko kuwa in haƙura?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi biyu ne a cikin wasiƙarka. Ta farko ita ce ko batun da ka ɗauko batu ne na ilimi da ya cancanci bincike, ta biyu kuma ita ce ko kai, a sashen da kake, cikin lokacin da aka ɗiba maka, za ka iya yinsa yadda masu jarrabawa za su karɓa. Amsar ta farko ita ce e, babu ko shakka. Ta biyun ce take buƙatar dogon bayani, domin malaminka yana da gaskiya a wani ɓangare na maganarsa, kuma zai fi maka amfani ka gane inda gaskiyarsa take kafin ka koma ofishinsa. Ni kaina na daɗe ina koyar da lissafin ƙarfin gini, an kuma sha kirana in duba ginin da ya tsage ko wanda ya faɗi, kuma abin da na koya shi ne fannonin nan huɗu kowanne tambayarsa daban ce, abin da yake karɓa a matsayin hujja ma daban ne. Mai binciken da ya san haka zai iya ratsa su lafiya, wanda bai sani ba kuwa zai rubuta kundin da injiniya zai ce ba nasa ba ne, lauya ma ya ce ba nasa ba ne.

Abin da ya faru a wani otal a Amurka

Zan fara da misali guda wanda aka bincika ciki da waje, domin a cikinsa ne za ka ga fannonin nan suna aiki a kan abu ɗaya. A yammacin 17 ga Yuli, 1981, ana taron rawa a babban falon otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a jihar Misuri, shekara ɗaya kacal da buɗe shi. A saman falon akwai gadojin tafiya da ƙafa guda uku da aka rataye daga rufin gini da sandunan ƙarfe. Ta hawa na huɗu tana daidai saman ta hawa na biyu, ta hawa na uku kuma tana gefe. Mutane na tsaye a kan gadojin suna kallon masu rawa sai ta hawa na huɗu ta ɓalle ta faɗo kan ta hawa na biyu, su biyun suka rufto kan jama'ar da ke ƙasa. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

Hukumar kula da ma'aunai ta gwamnatin tarayyar Amurka ce ta yi binciken fasaha, kuma ta gano cewa abin ya faro ne daga wani canji da aka yi wa zane, canjin da idan ka gan shi a takarda za ka ɗauka ba komai ba ne. A zanen asali, dogon ƙarfe guda ne zai sauko daga rufi, ya ratsa gungumen da ke ɗauke da gadar hawa na huɗu, a ɗaure noti a ƙarƙashinsa, sannan ya zarce ƙasa ya riƙe gadar hawa na biyu. Kamfanin da ke ƙera ƙarafan ya ga wannan zai yi wuyar haɗawa, sai ya kawo shawarar a raba ƙarfen biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, wani kuma daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Ka ƙaddara mutum biyu ne a cikin rijiya, kowa ya riƙe igiya da hannunsa. Hannun kowa nauyin jikinsa kawai yake ɗauke da shi, igiyar ce ke ɗauke da su duka. To idan na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, nauyin da ke kan igiya bai canja ba, amma hannun na sama yanzu mutum biyu yake riƙe da su. Abin da ya sami notin da ke ƙarƙashin gungumen hawa na huɗu ke nan, nauyin da ke kansa ya ninka. Gungumen kuma ƙarafa biyu ne da aka haɗa da walda, ramin ƙarfen yana daidai kan layin waldar, don haka noti da washa suka ɓarke shi suka wuce. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne binciken ya nuna ko zanen asalin ma kusan kashi 60 cikin ɗari kawai na nauyin da dokar gini ta birnin ta wajabta zai iya ɗauka, canjin ya mayar da shi kusan kashi 30.

A nan aikin injiniya ya ƙare, kuma ya ƙare da kyau, domin an auna, an gwada irin mahaɗin a ɗakin gwaji, an sami amsar da kowane injiniya a duniya zai iya sake lissafawa ya same ta. Amma ka lura da tambayar da wannan amsa ba ta taɓa ba: wa ya kamata ya sake lissafin kafin a ƙera? Masu ƙera ƙarfe sun ce sun aika da zanen ga injiniyoyi, kuma ya dawo da hatimin amincewa. Injiniyoyin sun ce al'adar sana'a ita ce mai ƙera ƙarfe ne ke tsara mahaɗai. Wannan gardama babu na'urar da za ta raba ta. Alƙali ne ya raba ta a 1985, bayan doguwar sauraron shaidu, inda ya yanke cewa injiniyoyin biyu, Jack Gillum da Daniel Duncan, sun yi mummunan sakaci, domin wanda ya buga hatiminsa a kan zane ba ya iya miƙa alhakin ga wani. A farkon 1986 aka ƙwace lasisinsu na aiki a jihar Misuri. Duk da haka ba a gurfanar da kowa da laifin kisa ba, diyyar da aka biya iyalai da waɗanda suka ji rauni kuwa ta kai kimanin dala miliyan 140. Abu ɗaya ne ya faru, amma hukumar sana'a ta ce akwai laifi, masu gabatar da ƙarar manyan laifuka suka ce babu abin da za su iya tabbatarwa, ɓangaren diyya kuma ya ce a biya.

Hujjar injiniya da hujjar kotu

Wannan bambancin hukunci ba ruɗani ba ne, ma'aunin ne ya bambanta, kuma a nan ne ɗaliban injiniyanci suka fi yin tuntuɓe idan suka shiga gonar lauyoyi. A dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, ƙarar da ba ta laifi ba ana yanke ta ne bisa ɓangaren da hujjarsa ta fi rinjaye, ita kuwa ƙarar laifi sai an tabbatar da ita ta yadda babu sauran shakka mai ma'ana. Dokar ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi kimiyya, amma alƙali ne ke yanke hukunci, ba ƙwararren ba. Shi kuma sakaci a ƙarar diyya yana da rukunansa, waɗanda muka gada daga shari'ar Ingila tun hukuncin Donoghue da Stevenson na 1932: sai an nuna akwai haƙƙin kulawa a kan wanda ake ƙara, an nuna ya gaza sauke shi, an kuma nuna gazawar ce ta jawo ɓarnar.

Na ɗanɗani wannan da kaina a wata ƙara da aka kira ni shaida a kan wani bene da dakinsa, wato kankaren da ake zubawa tsakanin hawa da hawa, ya rufta tun ana cikin aiki. Na je wurin, na tarar an riga an kwashe rabin ɓaraguzan. A cikin abin da ya rage na auna rodin da ke cikin gungumen kankare, na same shi mai milimita 12, alhali zane ya ce mai 16. Mutumin da ba ɗan sana'a ba zai ga bambancin milimita huɗu ne kawai, amma faɗin fuskar mai 16 ya kai kusan milimita murabba'i 201, na mai 12 kuwa 113, wato ƙarfen da aka sa bai kai kashi 60 cikin ɗari na wanda ake buƙata ba. Kankaren kuma idan ka murza gutsurensa da yatsa yashi ke zubowa. Na rubuta rahoto na ce mai yiwuwa ne ƙwarai waɗannan biyun su ne dalili. A kotu lauyan ɗan kwangila ya miƙe, cikin ladabi, ya tambaye ni ko na ga ginin kafin ya faɗi, na ce a'a. Ya tambaya ko zan iya rantsuwa cewa ba cire katakon tallafi da wuri ba ne ya kayar da shi, na ce ba zan iya kore wannan gaba ɗaya ba. Ya tambaya wa ya sayo rodin, na ce wannan ba ya cikin abin da na auna. Duk amsoshina gaskiya ne, kuma a taron injiniyoyi da an yaba mini da taka tsantsan, amma a kotu kowace amsa ƙofa ce da na buɗe wa shakka. Tun daga ranar na daina ɗaukar cewa idan na gano dalilin faɗuwar gini to na gano mai laifi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ka rubuta jimlar da ɗalibai da yawa ke rubutawa, wai a tilasta bin dokar gini ta ƙasa. An fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan tambayar da mai bincike zai yi ita ce me dokar jiharsa ta ce, wace hukuma ke ba da izini, kamar KNUPDA a Kano, kuma wane iko take da shi a kan wanda ya ƙara hawa a kan abin da aka amince masa. Hukumar COREN mai kula da sana'ar injiniya a Nijeriya, wadda aka kafa a 1970, tana da iko a kan injiniyoyin da ta yi wa rajista, amma mai filin da ya kira birkila ya ce a ɗora masa bene ba tare da injiniya ba, wata doka ce daban za ta kama shi.

Inda falsafa ke shigowa

Ɗalibai kan ɗauka falsafa ado ce da ake sawa a babin farko. A wannan batu aikinta na gaske shi ne ta tsare ka daga amfani da kalma ɗaya da ma'ana uku ba tare da ka lura ba. Kalmar “alhaki” da ka sa a takardarka tana iya nufin wanda aikinsa ya jawo abin, tana iya nufin wanda aka ɗora wa aikin kulawa, tana kuma iya nufin wanda ya cancanci zargi. A otal ɗin Kansas, wanda ya kawo shawarar raba ƙarfe yana cikin na farko, mai hatimi yana cikin na biyu, na ukun kuwa shi ne abin gardama. Dennis Thompson, masanin falsafar siyasa, ya yi rubutu a 1980 a kan abin da ya kira matsalar hannaye da yawa, wato yanayin da mutane da dama kowa ya sa hannu kaɗan a aiki har ɓarna ta auku, amma babu wanda rabonsa shi kaɗai ya isa ya haifar da ita. Gini cikakken misali ne na wannan: mai zane, mai lissafi, ɗan kwangila, mai sayar da rodi, mai buga bulo, jami'in da ya sa hannu a izini, da mai gidan da ya ce a rage siminti. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a wurin gini yawan hannu yakan zama mafakar da kowa ke laɓewa a bayan ɗan'uwansa.

Batu na biyu shi ne wanda masana falsafa Bernard Williams da Thomas Nagel suka tattauna a 1976, wato rawar da sa'a ke takawa a hukuncin da muke yi wa mutane. Birkilan da na tarar a wurin ginin da na ambata ya gaya mini, kuma na yarda da gaske yake, cewa da irin wannan rodi ya yi gidaje da yawa, babu wanda ya faɗi. Idan haka ne, aikinsa a gidajen da ke tsaye da aikinsa a wanda ya faɗi iri ɗaya ne, sakamakon ne ya bambanta. Shin laifinsa ya fara ne ranar da dakin ya rufta, ko tun ranar da ya fara rage rodi? Amsar da ka bayar za ta canja irin shawarar da bincikenka zai ƙare da ita, domin wanda ya ce laifi yana tare da sakamako zai nemi a tsananta hukunci bayan faɗuwa, wanda ya ce yana tare da aikin kuwa zai nemi a riƙa duba gine-gine tun suna tsaye.

Kada kuma ka ɗauka sai Turawa ne suka yi tunani a kan wannan. Dokokin Hamurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ce idan gida ya faɗi ya kashe mai shi a kashe maginin, hukuncin da ya rataya kacokan a kan sakamako. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya bi wata hanya mai zurfi. A Risala an ce masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. A Mukhtasar na Khalil an kawo mas'alar katangar da ta karkata: mai ita yana lamunin ɓarnar da ta yi idan an gargaɗe shi, kuma ya sami damar gyarawa bai gyara ba. Ka ga a nan an shigo da sani da gargaɗi da iko, waɗanda su ne ainihin abubuwan da kotun zamani ke nema. Akwai ma wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya kuma rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ya haɗa abin da hannunsa ya sani da abin da malaman fiƙihu suka faɗa. Irin binciken da kake son yi yana da magabata a cikin al'adar karatunmu, kuma ina ganin abin takaici ne yadda kundayen ɗalibanmu ba sa waiwayar wannan taska.

Ilimin koyarwa, wanda aka fi rainawa

Bayan gadar Kwibek ta Kanada ta rufta a 1907 tana cikin gini, ta kashe ma'aikata 75, saboda an tsawaita ta ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba, injiniyoyin ƙasar sun yi ta tunanin yadda za a dasa wa sabon injiniya jin nauyin amana. Daga 1925 suka fara bikin da ake sa wa mai kammala karatu zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da yake aiki da shi. Tambayar da masanin ilimin koyarwa zai yi ita ce ko irin wannan yana canja abin da mutum zai yi ranar da maigidansa ya ce ya sa hannu ko ya bar aiki. Tambaya ce mai wuya, domin ba a auna ta da takardar tambayoyi da ake raba wa ɗalibai a ce ko sun yarda gaskiya tana da kyau. Kowa zai ce ya yarda. Ana bukatar a duba manhaja a ga abin da ake koyarwa da abin da ake jarrabawa, a zauna a aji, a bi ɗalibai wurin koyon aiki na SIWES a ga abin da suke gani ana yi, a kuma yi hira mai tsawo da waɗanda suka yi shekaru a fili. Tunda COREN ta zama cikakkiyar mamba a 2023 a yarjejeniyar Washinton ta ƙasashen da ke amincewa da digirin injiniyancin juna, wadda ta sa ɗa'ar sana'a cikin abin da dole mai digiri ya fita da shi, wannan tambaya ta zama ta sashenku kai tsaye. Sannan akwai gaskiyar da kowa a sana'ar ya sani, cewa yawancin hannayen da ke zuba kankare ba su bi ta jami'a ba, a wurin ubangida suka koya, kamar yadda magina suka saba koyo a ƙarƙashin Sarkin Magina tun kafin zuwan siminti.

Inda malaminka ya yi gaskiya, da abin da nake ba ka shawara

Abin da malaminka ke tsoro na san shi, domin na sha karanta irin kundin. Babi na biyu ya kwaso sunayen masana falsafa, babi na uku ya jero sassan doka, babi na huɗu ya kawo sakamakon takardar tambayoyi, kuma babu babin da ke buƙatar ɗan'uwansa. Mai jarrabawa daga waje injiniya ne, zai nemi abin da aka auna bai samu ba. Taken da ka kai masa ma ya yi faɗi, aikin rayuwa ne ba na wata goma sha takwas ba. A nan ina tare da shi. Inda na saɓa masa shi ne cewa mafita ita ce ka koma auna bulo kawai, domin an auna bulo sau da yawa, an kuma san cewa mai rauni yana da yawa a kasuwa. Abin da ya rage a fahimta shi ne yadda yake shiga gini alhali akwai zane da izini da mai kula.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Za ka iya yin aikin awo zalla ka ajiye sauran sai digiri na uku, wannan ita ce mafi sauƙi kuma babu aibu a cikinta. Za ka iya komawa wani sashe, kamar na kula da ayyukan gini, inda hira da nazarin takardu hanyoyi ne da aka saba da su. Ta uku, wadda na fi so maka, ita ce ka tsaya a gidanka na injiniyanci da ƙafa biyu, ka ɗauki tambaya guda ƙarama wadda injiniyanci ne zai fara amsa ta amma ba zai iya gama ta shi kaɗai ba. Misali: a gine-ginen bene da ake yi a unguwa kaza, ina ne abin da aka gina yake rabuwa da abin da aka zana, kuma wa ke yanke shawarar canjin? Rabin farko awo ne tsantsa. Ka je wurare goma ko goma sha biyar da izinin masu su, ka auna kaurin rodi da tazararsa kafin a zuba kankare, ka ƙirga kwanon yashi da tsakuwa da ake zuba wa buhun siminti, ka ɗebi kankare ka zuba a mazubin gwaji mai milimita 150, ka fasa a kwana 7 da kwana 28, sannan ka lissafa nawa ƙarfin ginin ya ragu. Wannan zai gamsar da kowane mai jarrabawa. Rabi na biyu shi ne ka bi sawun kowane canji da ka gano: wa ya ce a yi, wa ya sani, an rubuta ko da baki aka yi, mai hatimi ya zo wurin ko bai zo ba. A nan ne za ka ari ma'anonin alhaki guda uku daga falsafa don ka rarrabe amsoshin, ka ari dokar jiharka don ka nuna wanda doka ta ɗora wa kulawa, ka kuma tambayi kowa inda ya koyi abin da yake yi. Kowane fanni ya shigo ne saboda tambayar ta kira shi, kuma ya fita idan ya gama aikinsa.

Misalan cikin gida suna nan da za su taimake ka wajen kafa hujjar buƙatar aikin. Bene mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40, kuma jaridu sun buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun a 2020 yana janye hannunsa. Wannan wasiƙa kaɗai ta isa babi, domin tana tayar da tambayar ko janyewa ta wadatar, ko kuwa akwai wajibcin sanar da hukuma. Ga kuma makarantar da ta rufta a Jos ranar 12 ga Yuli, 2024, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Iyakata a nan ita ce ni injiniya ne. Abin da na faɗa a kan doka da fiƙihu na faɗe shi ne a matsayin wanda aiki ya kai shi ƙofarsu, don haka ka nemi malami daga tsangayar shari'a ya zama mai dubawa na biyu, ko aƙalla ya karanta wannan babi kafin ka miƙa, mas'alolin lamuni kuma ka zauna gaban malamin fiƙihu ya warware maka su da sharhinsu. Haka nan hira da mutane tana da ƙa'idojinta: ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, ka ɓoye sunayen wurare da na mutane, kada kuma ka rubuta cewa wane ya yi laifi, domin wannan hurumin kotu ne kuma yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna. Ka kuma yanke shawara tare da malaminka, tun kafin ka fita fili, abin da za ka yi idan ka tarar da ginin da lissafinka ya nuna yana da haɗari ga rayuka, domin alƙawarin ɓoye suna ba zai hana ka sanar da mai ginin a rubuce ba, kuma ya kamata masu ginin su san da wannan sharaɗi tun ranar da suka ba ka izinin shiga. Idan za ka koma wurinsa, ka tafi da shafi biyu kawai: tambayar guda, jerin abin da za ka auna da kayan da za ka auna da su, da sunan malamin shari'ar da ya yarda ya duba maka.